Sardauna Ahmadu Bello: Abin da Ya Jinkirta da Abin da Ya Gaggauta

  

  

Yabon Sardauna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Makaɗa sun yi, marubuta sun yi, hotonsa yana kan takardar naira 200, sunansa yana kan jami'a da filin wasa da manyan tituna. Abin da muka yi ƙarancinsa shi ne nazarin yadda ya tafiyar da siyasarsa, wato me ya gani, me ya zaɓa, kuma wa zaɓin nasa ya amfana, wa ya cutar. Maganar da na zo da ita yau guda ɗaya ce. Sardauna ya nemi a ɗaga wa Arewa ƙafa a lokacin da sauran Nijeriya ke ɗokin karɓar mulki, ya sha zagi a kan haka, sa'an nan da ya sami jinkirin bai kwanta a kansa ba, ya shiga aiki ba dare ba rana. Duk alherin siyasarsa daga nan ya fito, kuma kurakuranta ma daga nan suka fito.

Daga Raba zuwa Kaduna

An haifi Ahmadu a Raba, kusa da Sakkwato, a 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Raba, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi makarantar lardi a Sakkwato, ya shiga Kwalejin Katsina a 1926, ya fito a 1931 ya koma gida yana koyarwa a Midil. A 1934 aka naɗa shi hakimin Raba. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu ya nemi gadon sarauta, amma Allah ya ba Abubakar na Uku. Shi kuwa aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya riƙa duba gundumomin gabas.

Akwai abin da ya same shi a 1943 da nake roƙon ku riƙe, domin za mu koma kansa. An zarge shi da cin kuɗin jangali, aka gurfanar da shi a kotun Sarkin Musulmi, aka yanke masa hukuncin ɗauri. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, ta wanke shi. Jikan Shehu ke nan, mai sarauta, mai ilimin zamani, amma da babu ƙofar ɗaukaka ƙara da tarihinsa ya ƙare a gidan yari. Tun daga ranar ya san ƙarfin En'e, wato hukumar sarakuna, ya kuma san abin da take iya yi wa mutum idan ta juya masa baya.

A 1948 ya tafi Ingila ya yi kwas kan sha'anin ƙananan hukumomi. A 1949 ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna. Shekarar da ta biyo ita ce ta tada siyasar Arewa daga barci. A watan Janairun 1950, a taron Badun, wakilan Arewa suka dage sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, suka kuma samu, 68 daga cikin 136. A watan Agusta aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, a watan ne kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisa ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul. A 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar 'yan boko ƙarƙashin Dokta Dikko, ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. Sardauna ba ya cikin waɗanda suka assasa ta, amma bai daɗe da shiga ba ragamarta ta koma hannunsa. Ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya ya riƙe ma'aikatar ƙananan hukumomi.

Ranar da ya ce a dakata

Ranar 31 ga Maris 1953, a Majalisar Wakilai da ke Legas, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG ya kawo ƙuduri cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya miƙe ya nemi a cire shekarar, a sa cewa da zarar hali ya yi. Wakilan AG da na jam'iyyar NCNC suka fice daga zauren. Da 'yan Arewa suka fito, jama'ar gari suka yi musu ihu, ana ce musu bayin Turawa, har a tashoshin jirgin ƙasa a hanyarsu ta komawa gida ba su tsira ba. A watan Mayu tawagar AG ƙarƙashin Akintola ta nufi Kano don tallata ƙudurin, rikici ya ɓarke, aka yi kwanaki ana faɗa, mutum fiye da talatin suka mutu. Majalisun Arewa suka fito da buƙatu takwas waɗanda, da an bi su, da abin da zai haɗa Arewa da Kudu bai wuce tsaro da kwastan da hulɗar waje ba.

Me ya sa mutumin da Turawa suka ci garin kakanninsa da yaƙi zai ce kada Turawa su yi saurin tafiya? Amsar tana cikin alƙaluma. Ƙidayar 1952 zuwa 1953 ta nuna Arewa na da mutum kimanin miliyan 17 daga cikin miliyan 30 da ɗoriya na ƙasar. Amma masu digiri a cikin wannan taron jama'a da yatsu ake ƙirga su. Arewa ba ta sami lauya nata na farko ba sai a 1955, lokacin da Alhaji Abdulrazaƙ na Ilori ya kammala karatu a Landan. Har zuwa 1957 makarantun sakandare a duk faɗin Arewa ba su kai 20 ba, alhali na Kudu sun haura 170. Akawun gidan waya, da mai sayar da tikiti a tashar jirgi, da ma'aikacin asibiti, galibinsu daga Kudu suke. Sardauna ya duba ya ga cewa idan Bature ya tashi daga kujera a 1956, wanda zai zauna a kanta ba ɗan Arewa ba ne, kuma wanda ya zauna da wuya ya tashi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Ana iya jayayya da shi a kan wannan, an kuma yi. Malam Aminu Kano da mutanensa na NEPU sun ce talaka bai ga abin da zai jira ba, tunda Bature da sarki ne suka haɗu suka danne shi. Wannan magana tana da nauyi. Amma ni ina ganin lissafin Sardauna a ranar nan daidai ne, domin 'yancin da ba ka da mutanen riƙe shi canjin ubangida ne kawai. Rikicin 1953 shi ya kai ga tarukan Landan da Legas, waɗanda suka haifar da tsarin mulkin tarayya na 1954, inda kowace jiha ta sami gwamnatinta da ma'aikatanta da asusunta. Ranar 1 ga Oktoba 1954 Sardauna ya zama Firimiyan Jihar Arewa. Gabas da Yamma sun karɓi mulkin kai a 1957. Arewa ta jira har 15 ga Maris 1959, ranar da ta yi daidai da ranar da sojojin Gwamna Lugga suka ci Sakkwato a 1903.

Abin da aka yi da jinkirin

Neman jinkiri ba abin yabo ba ne shi kaɗai, kowane malalaci ya iya. Abin dubawa shi ne me aka yi a cikinsa.

Aikin farko shi ne mutane. Gwamnatinsa ta kafa ƙa'idar ɗaukar aiki: idan akwai ɗan Arewa da zai iya, nasa ne; idan babu, a ɗauko Bature ko wani baƙo a kan kwantiragi; ɗan Kudu sai in an rasa yadda za a yi, shi ma a kan kwantiragi. Wannan ƙa'ida ta yi wa 'yan Kudu ciwo ƙwarai, wasu sun rasa ayyukan da suka daɗe a kai, kuma ta bar ɗaci da bai gushe ba har yau. Hikimar kwantiragin ita ce yana da ranar ƙarewa, don haka dole gwamnati ta shirya wanda zai gaji kujerar kafin ranar ta zo. Makarantar koyon sha'anin mulki da ke Kongo a Zariya ta riƙa horar da akawuna da ma'ajin En'e da alƙalai, daga baya har da waɗanda za su zama Di'o. Aka riƙa tsamo malaman makaranta da ma'aikatan En'e masu hazaƙa ana tura su Ingila karo ilimi. Aka buɗe sakandare a larduna da makarantun horon malamai, Alhaji Isa Kaita yana ministan ilimi. Manya kuwa aka fito musu da Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya ja ragamarsa, hukumar NORLA a Zariya tana buga musu littattafan Hausa da na wasu harsunan Arewa. Aka bi makarantu ana kwaɗaita wa samari shiga soja, a daidai lokacin da Alhaji Muhammadu Ribaɗu yake ministan tsaro a Legas, aka kuma ware wa Arewa rabin guraben horon hafsoshi. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe jami'a a Zariya, shekara uku da 'yan watanni bayan samun mulkin kai.

Ina so ɗalibai su lura da yadda ya ɗauki kalmar ɗan Arewa. Larduna goma sha biyu ne, daga Sakkwato zuwa Barno, daga Katsina zuwa Kabba da Ilori da Binuwai, kuma duk wanda ya fito daga cikinsu nasa ne. Michael Audu Buba da George Ohikere da Peter Achimugu sun riƙe muƙaman minista a gwamnatinsa. Sunday Awoniyi, Bayarabe Kirista daga lardin Kabba, yana cikin ma'aikatan da ya jawo kusa da shi. Likitansa Dokta Ishaya Audu ne, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar Zariya. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayi a arewacin Kamaru a 1959, mutanen yankin suka ƙi yanke shawarar shiga Nijeriya, domin suna da ƙorafi a kan mulkin En'e. Aka yi musu gyare-gyare, aka yi zawarcinsu, a ƙuri'ar Fabrairun 1961 suka zaɓi Nijeriya, yankin ya zama lardi na goma sha uku, Lardin Sardauna.

Aiki na biyu shi ne dukiya. Arewa ba ta da man fetur a lokacin. Abin da take da shi gyaɗa ne da auduga da fatu da kuza, sai haraji da jangali. Hukumar cinikin amfanin gona tana sayen gyaɗa da auduga a hannun manomi a farashin da ta yanka, ta sayar a kasuwar duniya, rarar ta shiga asusun raya ƙasa, Makaman Bida Alhaji Aliyu yana riƙe da ma'aikatar kuɗi. Da irin wannan kuɗi aka kafa masaƙar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957 da haɗin gwiwar wani kamfanin Ingila, don audugar Funtuwa da Gusau ta zama yadi a gida. Da shi aka kafa kamfanin raya Arewa da muka sani da NNDC, da Bankin Arewa, da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, da jaridar New Nigerian wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966. Idan muna lissafa waɗannan, mu riƙa tuna cewa gumin manomi ne, wanda aka rage masa farashi don a gina jami'ar da ɗansa zai shiga. Bashi ne a wuyan duk wanda ya yi karatu a cikinta.

Aiki na uku shi ne shari'a. Kafin 'yanci, ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun kai kukansu gaban kwamitin Willink cewa suna tsoron kotunan Arewa. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato masana, ƙarƙashin Babban Jojin Sudan Sayyid Muhammad Abu Rannat, tare da wani alƙali daga Pakistan da wani masani daga Landan da wakilan gida. Daga shawararsu aka fito da kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Malam Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta a 1962. Wasu malamai sun ga an yi sassauci da yawa, wasu Kiristoci sun ga ba a yi isasshe ba. Duk da haka kundin nan shi jihohin Arewa suka gada, suka yi shekaru da dama suna aiki da shi.

Kaduna ko Legas

A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta fi kowace jam'iyya kujeru, 134 daga cikin 312. Shugaban jam'iyya Sardauna ne, da ya so da shi ne Firayim Minista. Cif Awolowo ya bar kujerar Firimiyan Yamma ya nufi tsakiya, Dokta Azikiwe ma ya bar ta Gabas. Sardauna ya bar wa mataimakinsa Tafawa Ɓalewa Legas, shi ya zauna a Kaduna. Wasu sun ce girman kai ne, wasu sun ce burinsa na zama Sarkin Musulmi ne ya hana shi nisa da gida. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a cikin waɗannan, akwai dalilin da ya fi su ƙarfi. A tsarin mulkin wancan lokaci makaranta da asibiti da noma da En'e duk a hannun jiha suke. Giɓin da ya tsorata shi a 1953 a Kaduna ake cike shi, don haka ya zauna inda aikin yake. Wannan darasi ne ga duk gwamnan da tun shekararsa ta farko idonsa yana Abuja.

Dangantakarsa da sarakuna ma tana buƙatar a gyara yadda ake faɗinta. Gaskiya ne NPC a kan En'e ta jingina, hakimai da dagatai su ne ƙafafunta a karkara. Amma a zamaninsa ne aka raba sarakuna da ikon yanke hukunci su kaɗai, aka ɗaure su da majalisa. A 1962 aka naɗa kwamishinonin larduna, 'yan siyasa, suka hau kan matsayin da Razdan yake a da. A 1963, bayan binciken da Bature Muffett ya yi kan kuɗin En'en Kano, Sarki Muhammadu Sanusi, wanda yana cikin sarakuna mafiya ƙarfi a Arewa kuma jigo ne a NPC, ya yi murabus aka kai shi Azare. Har yau Kanawa suna da ra'ayi biyu a kan wannan al'amari. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne daga ranar kowane sarki ya gane cewa iko ya tashi daga fada ya koma Kaduna.

Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu

Jama'a, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya ɗauka cewa lokaci ya ƙure masa, kuma shi kaɗai ya san hanya, yakan ga duk mai ja da shi a matsayin mai ɓata lokaci. Wannan shi ne raunin siyasar Sardauna.

'Yan NEPU sun ga tasku. Ana hana su izinin lacca, idan sun yi a kama su. 'Yan doka su kai su gaban alƙali, a tuhume su da zagin sarki ko tada hankali, a yi musu bulala, a ɗaure su. An ƙara wa wasu haraji da gangan, an raba wasu da gonakinsu, wasu sun bar garuruwansu ba don suna so ba. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga gidan yari sau da dama saboda siyasa. Ba Sardauna ne ya ba da umarnin kowace bulala ba, kuma 'yan hamayya ma suna da nasu zafin baki da nasu 'yan ta-kife. Amma jam'iyyarsa ce ta ci ribar abin, kuma yana da ikon hanawa. A nan ne shari'ar 1943 take dawo mana. Mutumin da ya san da jikinsa yadda ake amfani da kotun En'e a karya mutum, wanda ɗaukaka ƙara ce ta cece shi, ya fi kowa cancantar ya tsare wa ɗan tireda da tela da manomi wannan ƙofa. A zaɓen jiha na 1961 kujera ɗaya tak NEPU ta samu a majalisar Kaduna. Wanda ya san yawan masu kiran Sawaba, taken NEPU, a Kano da Zariya da Jos ya san wannan ba shi ne gwargwadon ƙarfinsu ba.

Matan Arewa kuwa ba su jefa ƙuri'a ba ko sau ɗaya a zamaninsa, alhali matan Kudu suna yi. Sai a shekarun 1970 suka sami wannan dama. Ilimin 'ya'ya mata ma bai sami irin gudun da na maza ya samu ba, kuma har gobe muna ɗauke da nauyin wannan.

Sai maganar tsakiyar Nijeriya. Joseph Tarka da jam'iyyarsa ta UMBC sun nemi a yanka musu jiharsu. Sardauna ya ƙi, domin a ganinsa ƙarfin Arewa a tarayya yana cikin zamanta dunƙule. Ƙasar Tibi ta kama da wuta a 1960, ta sake kamawa a 1964, har aka tura soja, aka yi asarar rayuka masu yawa. A shekarunsa na ƙarshe kuma, bayan kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962 da zamansa mataimakin shugaban Rabiɗa ta Makka, ya riƙa fita rangadin musuluntarwa. A wurin Musulmi wannan aikin lada ne, kuma gadon gidansu ne. Amma mai yin sa Firimiya ne, da motocin gwamnati da 'yan rakiyar gwamnati, don haka Kiristocin da ya daɗe yana tabbatar wa cewa Arewa ta kowa ce suka fara ɗari-ɗari. Wajibi ne mu iya faɗin ɓangarorin nan biyu a zaure ɗaya.

Shekarun ƙarshe

Daga 1962 siyasar tarayya ta dagule. AG ta rabe tsakanin Awolowo da Akintola, wanda ya gaje shi a kujerar Firimiyan Yamma. Ƙidayar 1962 ta jawo rigima aka soke ta, ta 1963 ta ba Arewa kusan miliyan 30 daga cikin miliyan 55 da ɗoriya, Gabas ta ce ba ta yarda ba. A zaɓen Disambar 1964 NPC ta ƙulla ƙawance da jam'iyyar Akintola, ɓangaren hamayya ya ƙaurace wa zaɓe a wurare da dama. Zaɓen Yamma na Oktoban 1965 ya zo da maguɗi, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe, gwamnatin tarayya ba ta ɗauki matakin da ya dace ba. Riƙe Akintola da NPC ta yi ya sa aka ɗora mata alhakin abin da ke faruwa a Badun. Ranar 14 ga Janairu 1966 Akintola ya zo Kaduna ya gana da Sardauna.

Kafin asubar Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka afka wa gidan Firimiya, suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A daren nan aka ɗauke Tafawa Ɓalewa a Legas aka kashe shi, aka kashe Akintola da ministan tarayya Okotie-Eboh, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Birgediya Ademulegun. Duk kuskuren da muka lissafa, babu wanda ya halatta wannan ta'asa. Ita ce ta buɗe ƙofar juyin mulkin Yuli, da kashe-kashen da aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa, da yaƙin basasa. A 1967 Janar Gowon ya raba Jihar Arewa gida shida. Shekara goma sha ɗaya da wata uku da 'yan kwanaki, su ne duk abin da Sardauna ya yi a kujerar Firimiya.

Abin da ya rage a wuyanmu

Yau yankin da mutum ɗaya ya riƙe daga Kaduna yana da gwamnoni 19, kowanne yana iya yin shekara takwas, kowanne yana karɓar kaso daga Abuja duk wata, irin kuɗin da Makaman Bida bai taɓa gani ba. Masaƙar Kaduna ta rufe tun 2002. Bankin Arewa ya narke cikin wani banki a 2006. Miliyoyin yaranmu ba sa zuwa makaranta, manomi a Zamfara da Katsina da Neja yana tsoron zuwa gonarsa. Idan an taɓa mu da maganar, sai mu ce Turawa ne suka bar mu a baya. A 1953 wannan hujja ce. Bayan shekara fiye da sittin da 'yanci ta tashi daga hujja.

Abu uku nake roƙo mu ɗauka. Na farko, mu canza ma'aunin da muke auna gwamna da shi. Gada da shataletale ana ganinsu da ido, shi ya sa ake son su. Mu riƙa tambayar mai neman ƙuri'armu malaman firamare nawa zai horar, ungozoma nawa, injiniyoyin ruwa nawa, a wace shekara za su fito, kuma 'yan mata nawa ne a cikinsu. Ya faɗi adadi da rana, mu rubuta, mu tuna masa.

Na biyu, gwamnoninmu su gane cewa ɗan bindiga da hamada da cutar ƙyanda ba su san iyakar jiha ba. Jihohin da aka yanka sun share wa mutane da yawa hawaye, babu mai cewa a rushe su. Amma kiwo da ruwa da auduga da tsaron daji suna buƙatar shiri guda da asusu guda, kuma NNDC, wadda jihohin 19 suka mallaka tare, tana nan tana jiran a ba ta aikin da ya kai girmanta.

Na uku, kada mu gaji abin da ya kamata a binne. Gwamnan da yake kama matashi don ya soke shi a Facebook, ko yake cinye kujerun ƙananan hukumomi kaf a ranar zaɓe, ya ɗauki mafi munin abin da ke cikin siyasar NPC ya bar mafi kyawunsa. Mai hamayya ɗan ƙasa ne, Kirista da Musulmi 'yan gida ɗaya ne, kuma Arewa ba ta da wata hanyar tsira sai wadda za ta ɗauki Sardauna da Malam Aminu da Tarka a matsayin iyayenta duka.

Ku kuma ɗalibai, mafi yawan waɗanda suka karɓi ofisoshin Kaduna daga hannun Turawa samari ne, da yawansu ba su da digiri. Kun fi su takardu nesa ba kusa ba. Abin da suka fi mu shi ne sun san an horar da su ne don wata buƙata ta jama'a, kuma akwai mai bibiyar aikinsu. Waɗanda suka yi aiki da Sardauna sun shaida cewa bai bar dukiyar a zo a gani ba, abin da ya shigo hannunsa kyauta yake tafiya. Ku nemi ilimin da za a amfana da shi, ku yi rajistar zaɓe, ku shiga jam'iyyu tun daga mazaɓa, ku tambayi shugabanni da ladabi amma ba da tsoro ba.

Allah ya jiƙan Sardauna da Hafsatu da duk waɗanda aka kashe tare da su, ya yafe musu kurakuransu. Allah ya jiƙan waɗanda suka sha ɗauri don neman 'yancin talaka. Allah ya ba shugabanninmu na yau ikon yin adalci, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.